Masu gyaran littafin da na biya dubu 45: inda kuɗin ya yi aiki da inda ya tafi a banza

Cikin mako ɗaya mata uku suka tambaye ni wa ya tsara mini littafin girkin azumi, kuma ko su kai nasu can. Na gaji da amsawa da saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don akwai yabo akwai ƙorafi, yaran kuma halalinsu suke nema. Su uku ne a Kano, maza biyu da mace ɗaya. Ni ina Gombe, ban taɓa taka ofishinsu ba, komai ta WhatsApp muka ƙulla muka kwance.

Shekarata goma sha ɗaya ina girkin biki da suna. Littafin kuwa a waya na rubuta shi, a manhajar WPS, yawanci bayan sallar isha'i in yara sun kwanta. Girki 60 ne, daga kunun gyaɗa da na tsamiya zuwa sinasir, funkaso, alale da farfesun kayan ciki. A farkon Janairun 2025 na tura musu, suka yanka mini naira dubu 45: dubu 20 gyaran rubutu, dubu 15 tsara shafuka da bango, dubu 10 talla. Suka ce mako biyu.

Dubu 20 ɗin gyara, wallahi ko ninki biyu suka ce zan biya. Yarinyar ce ke wannan aikin, ta karanta Hausa a jami'a, kuma ta san abin da take yi. Ni a zatona rubutuna ba shi da matsala tunda mutane na karanta ni a Facebook suna ganewa. Kwana uku da turawa ta dawo mini da shafin farko ya yi ja jawur kamar an yanka kaza a kai. Ashe duk littafin babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya. Na rubuta "ki bare albasa", "ki kara gishiri", "kullu", "dan wake". Waɗannan dai mai karatu zai iya cankowa. Wanda ya sa na yi shiru shi ne inda na rubuta a girkin miyar taushe, "ki bata minti goma". Ta ce, "Anti, ba ta minti goma za a yi, ko ɓata minti goma?" Ta raba mini "zanyi" da "kiyi" da "sakashi", ta nuna mini bambancin "a kan wuta" da "akan yi". Har ta sa na ƙara Hausa a allon rubutun Gboard, na gano cewa ɓ da ɗ da ƙ suna nan cikin wayata duk shekarun nan, ni ce ban nema ba.

Ba a haruffa ta tsaya ba, kuma nan ne na san ba aikin gama-ka-tashi take yi ba. Duk inda na ce "gwangwani biyu", sai ta tambaya, "Wane gwangwani, Anti? Na madara ko na tumatir?" Inda na ce mudu, ta ce mudun Gombe ba lallai ya zo ɗaya da kwanon awon Kano ba, wasu ma tiya suka sani. Inda na ce "ki zuba kanwa daidai misali", ta ce amaryar da ta sayi littafin don ba ta iya ba, ina za ta san misalin? Na ji haushi a ranar, ba zan ɓoye ba. Ni da hannuna ya san awo, yarinyar da na girme wa da shekara ashirin tana mayar da ni aji ɗaya. Amma na shiga kicin da kofin awo da cokula, na kwana huɗu ina auna abin da na saba ɗiba da ido. Shafin da mutane suka fi gode mini a kansa yanzu shi ne na farko, wanda aka jera ma'aunai da hoton kowanne. Shawararta ce.

Tsara shafuka ya zo da tangarɗa biyu, duka an warware, amma sai da na yi magana. Kwafin farko da saurayin da ke tsarawa ya turo, a kwamfutarsa lafiya lau, a wayata kuwa duk inda ƙ ko ɗ take sai wani ɗan akwati ya fito. Salon haruffan da ya zaɓa don ado ba ya ɗauke da haruffanmu. Ya canza zuwa Andika, wanda yake da su duka kuma kyauta ne, magana ta ƙare. Ta biyu ita ce nauyi. Hotunan abinci 60 ya zuba yadda na turo su, PDF ɗin ya kai megabait 48. Na ce masa, "Ɗana, masu sayen littafin nan datar ɗari biyu suke sawa, kana so rabin ta ya tafi a sauke littafi?" Ya matse hotunan ya dawo da shi megabait 6, kuma masa ba ta daina kama da masa ba. Ya kuma yi shafukan tsaye da manyan haruffa daidai fuskar waya, ba sai mace tana ja da yatsu biyu hannunta duk ƙullu ba. Wannan dabarar tasa ce, na yaba.

Bangon ne ban yafe ba. Sau biyu yana kawo mini hoton da ya ɗebo a intanet: faranti cike da shinkafa mai launin rawaya da wasu ganyaye, a kan teburin da ko a mafarki ba na gidan Bahaushe ba ne. Littafin da ke koyar da ɗan wake da dambu! Na ce a cire. Ya ce, "Hajiya, irin wannan ne ke jan ido." A ƙarshe ni na soya ƙosai, na dama kunu, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida da la'asar, 'yata ta ɗauka da wayarta. Shi ya ɗora suna kawai. Ban nemi ragi ba, shi ma bai yi tayi ba.

Mako biyun nan kuwa sai da ya zama bakwai. Wani ɓangare laifina ne, kwanakin awo da na ci. Sauran nasu ne: yau babu wuta, gobe kwamfuta na wurin gyara, jibi an yi rasuwa. Azumi ya kama ranar Asabar 1 ga Maris, littafin ya iso hannuna saura kwana biyar. Duk mai sana'ar abinci ta san cinikin azumi a Sha'aban ake yin sa, lokacin da mata ke lissafin cefane. Wata guda na tallar da na tsara ya koma kwana biyar.

Wajen sayarwa sun buɗe mini shafi a Selar, wani dandalin sayar da kaya a intanet, da sunana da lambar asusuna, ba nasu ba. Ku lura da wannan, don na ji ana yi wa wasu akasin haka, kuɗi ya fara biyawa ta hannun mai tsarawa. Mai saye zai biya da kati ko ya tura kuɗi, littafin ya je masa ta imel, ko ina barci. Tsarin ya yi mini, sai dai mutanena ba su saba ba. Da yawa ba su ma tuna kalmar sirrin imel ɗinsu, wani ne ya buɗe musu ranar da aka sayi waya. Cikin kwafi 230 da na sayar a kan naira 1,500, kusan 50 ne suka bi ta shafin. Sauran duk tura kuɗi ne ta Opay ko Moniepoint, a aiko hoton shaidar biya, ni kuma in duba alat in tura littafi, wani lokacin ina tsaye kan kaskon suya. Mutanen Maraɗi da Damagaram kuma da sefa suke zuwa, sai wata ƙawata da ke can ta karɓa ta Nita mu daidaita daga baya.

Sun so su sa mini shi a Amazon a kan ƙarin dubu 10, na ƙi. Sai da na tambaya sosai suka yi bayani: kashi 70 cikin ɗari na kuɗin littafi marubuci na samunsa ne in farashin ya kama daga dala 2.99 zuwa 9.99, ƙasa da haka kashi 35 ne, kuma a tsarin kashi 70 ana cire kuɗin nauyin littafi, ga nawa duk hotuna. Sannan Amurka na riƙe harajinta a cinikin da aka yi can. Wace mai dama kunu ce a Tudun Wada za ta je can neman littafina da dala? Abin da na nace a kai shi ne su ba ni kwafin Word da aka gyara, ba PDF kaɗai ba. Na ga yadda marubuta suka yi ta fafutukar kwashe littattafansu da manhajar sayar da littattafai ta Okadabooks ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Sun ɗan ja, suka ce ba al'adarsu ba ce, daga baya suka turo.

Dubu 10 na talla kuwa, Allah Ya jiƙan rai. Alkawarin shi ne za su yaɗa a guruf 100 na marubuta da makaranta. Sun yaɗa, na ga shaida. Amma guruf ɗin na masu karanta littattafan soyayya ne da ke jiran shafi na gaba kyauta, kowa kuma tallar nasa yake jefawa ba mai duba na wani. Na riƙa tambayar duk wadda ta saya a ina ta ji labari. Mutum huɗu ne suka ce daga can. Sauran daga sitatus ɗina ne, da matan da na yi wa girkin biki, da wani ɗan bidiyo na minti ɗaya da na yi ina juya sinasir.

Sai maganar sata, wadda kowa ke tambaya. Sun ce za su sa wa littafin kariya, kariyar kuwa ita ce rubutu mai dishi-dishi a kowane shafi cewa ba a yarda a tura wa wani ba. Ranar goma ga azumi wata 'yar ajinmu ta sakandare ta turo mini littafina da kaina, a gurup ɗin tsofaffin ɗalibai, da saƙo a ƙasa: "Ga wani littafin girki mai kyau, a tura wa 'yan uwa a samu lada." Ko sunan da ke bango ba ta duba ba. Na kira saurayin raina a ɓace, ya ce, "Hajiya, gaskiya PDF in ya fita ya fita." Gaskiyarsa ce, amma da ya faɗi haka tun ranar da yake karɓar kuɗi. Daga ranar na koma rubuta sunan mai saye da lambarta a shafin farko kafin in tura, ƙarin aikin minti biyu ne kowane kwafi. Bai hana gaba ɗaya ba, amma mace na jin nauyin a ga sunanta yana yawo a guruf.

Ga matan nan uku da suka tambaya: ku kai gyara, ku kai tsara shafuka, ku riƙe kuɗin tallarku, ku ɗauki hoton bangonku da kanku. Ku biya rabi, sauran sai aiki ya zo, kuma duk ranar da suka sa muku ku ƙara wata guda a lissafinku. Littafi na biyu da nake rubutawa na naman layya ne, kilishi da dambun nama da yadda ake adana soye ya kai Muharram bai yi wari ba. Na riga na tura wa yarinyar babi uku. Jiya ta dawo da na farko, tambayarta ta farko ita ce cinyar rago kilo nawa ce.