Yini ɗaya a filin tseren mota a Ingila: kuɗin da na biya malamin tuƙi bai tafi a banza ba

Shekarata shida ina tuƙi a Ingila, kafin nan kuma na sha hanyar Kano zuwa Zariya har na san ramukanta. Shi ya sa da yayana ya ce mu yi rajistar irin yinin nan da ake buɗe wa talakan direba filin tsere ya shiga da motarsa, ba abin da ke raina sai taka totur. Kamfanin da ya shirya ya yi hayar ɗaya daga cikin tsoffin filayen jiragen yaƙin duniya na biyu da aka mayar wuraren tseren mota. Irinsu suna da yawa a ƙasar, Silverstone da Snetterton da Thruxton duk haka suka samo asali. Ba gasa ake yi ba, an ma hana ɗaukar lokaci. Kai dai ka zo da lasisinka da motarka da hular kwano, in ba ka da ita su ba ka haya.

Rajistar safe ba ta da matsala. Aka duba lasisi, aka ɗaura mana alama a wuyan hannu, wani ma'aikaci ya tsuguna kusa da salansa da na'urar auna ƙara, ya ce in ɗaga inji. Sun faɗa mana gaskiya tun a takarda cewa inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere. Na yaba musu da wannan.

Inda suka gaza shi ne zauren bayani. Ɗaki cike, wasu a tsaye a bakin ƙofa, mai bayanin kuma yana sauri kamar wanda mota ke jira. Ya daɗe a kan dokar wucewa, cewa ta hagu kawai, a miƙaƙƙen wuri kawai, kuma sai na gaba ya kauce ya ba ka hanya. Da ya zo kan tutocin da ake ɗaga wa direbobi daga gefen fili sai ya jero su a majigi ɗaya bayan ɗaya: rawaya haɗari a gaba, rage gudu, babu wucewa, koriya hanya ta gyaru, ja an tsayar da kowa, a lallaɓa a koma layin gareji inda motoci ke tsayawa a gefen fili, shuɗiya akwai wanda ya fi ka gudu a bayanka, baƙa kai ake kira, ka shigo, mai gidan dara baƙi da fari lokaci ya cika. Bai ɗaga tuta ko ɗaya da hannu mun gani ba. Ga wanda ya saba zuwa, tuni ne. Ga irina kuwa, na fito na haddace launuka, ina ganin an gama.

Ashe ba a fara ba. A zagayen farko idona na kan bamban motar gabana da allon gudu. Da na fito, malamin tuƙin da na biya kuɗin minti ashirin da shi, wani dattijo mai furfura, ya shigo gefena ya ɗaura bel, ya tambaye ni rumfar masu tuta nawa na ƙirga a zagayen da na yi. Na yi shiru. Wallahi ko ɗaya ban gani ba, alhali suna nan a kowace kwana, mutane ne sanye da rigunan aiki ruwan lemo, waɗanda ko daga nesa ba sa ɓoyuwa.

Abin da ya sa ni yi shi ne dalilin wannan rubutu. Ya ce in manta da gudu. Duk rumfar da muka doso in faɗi da ƙarfi abin da na gani: babu tuta, babu tuta, koriya, babu tuta. Zagaye uku muna haka. Da farko sai na zo daf da rumfa nake tunawa, in waiga a firgice, sitiyari ya ɗan karkace. Ya nuna mini cewa kowace rumfa an kafa ta ne daidai inda idon direba ya kamata ya kai kafin ya taka birki, don haka wanda ya ɗaga kai yana hango kwana daga nesa zai ga tuta ba tare da ya neme ta ba. A zagaye na huɗu na lura tuƙina ya yi laushi, na daina fizgar mota, alhali bai ce mini komai a kan birki ko giya ba.

Bayan azahar aka yi yayyafi. Na doso wata kwana da tudu ya tare bayanta, sai na hango mai tuta ya leƙo rabin jikinsa waje, ruwa na zuba daga hular rigarsa, yana kaɗa rawaya da dukkan ƙarfinsa. Na ɗaga ƙafa. Ina karya kwana sai ga wata ƙaramar mota ta juya, gindinta cikin tsakuwa, hancinta a kan kwalta daidai layin da nake bi tun safe. Na ga fuskar direban ta gilashi, hannayensa biyu a kan sitiyari, yana kallona. Na raɓa ta gefe na wuce a hankali. Rumfa ta gaba ta ɗaga ja, duk muka koma gareji har motar janwe ta fitar da shi. Da a zagayen safe abin ya faru, Allah kaɗai ya san yadda za mu ƙare ni da shi.

Muna jiran a sake buɗe fili, dattijon ya ƙara mini abin da zauren bayani ya tsallake. Tuta rawaya guda biyu ana kaɗawa tare na nufin ka shirya tsayawa gaba ɗaya, domin wataƙila akwai mutane a kan hanya. A ƙarƙashin irin wannan tutar ne Jules Bianchi, direban gasar tseren mota ta Formula 1, ya kauce a filin Suzuka na Japan ranar 5 ga Oktoba 2014, cikin ruwan sama, ya daki motar da ke ɗauke motar wani direban, Adrian Sutil. Ya rasu a Yulin 2015 yana da shekara 25. Rawaya mai ratsin ja kuwa santsi take nufi, baƙin mai ko ruwa ko tarkace a kwalta, kuma ba a barin ta a ɗage har abada, don haka saukar da ita ba shaida ba ce cewa wurin ya bushe. Farar tuta ita ce mai ruɗarwa. A dokokin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ma'anarta akwai mota mai tafiyar hawainiya a gabanka, amma a gasar NASCAR da IndyCar ta Amurka alama ce ta zagaye na ƙarshe. Wanda ya koyi tuta daga kallon talabijin sai ya kula da ƙasar da yake ciki. Ya kuma gaya mini yawancin masu tutar nan a wasannin tsere 'yan sa-kai ne. Tun daga nan, duk lokacin da aka kaɗa mai gidan dara, ina ɗaga musu hannu a zagayen komawa.

Shuɗiya an nuna mini ita sau da yawa, don motata ba mai ƙarfi ba ce. Ba abin kunya a ciki. Ka duba madubi, ka jira miƙaƙƙen wuri, ka sa sigina ka matsa dama, ka ɗan sassauta totur. Masu taurin kai da ke kaucewa amma su ci gaba da takawa su ne ke haɗa layi a bayansu.

Yayana kuwa baƙa ya samu, ya shigo ransa a ɓace yana cewa bai taka dokar kowa ba. Na ce masa, "Yaya, bari dai mu ji ta bakinsu." Ashe mai tuta ne ya hango ɗigo a ƙarƙashin motarsa. Muka buɗe bonet, tiyon lagireto ya tsage yana tsiyaya. Ruwan nan da ya zuba a kwalta zai iya juya duk wanda ke biye da shi. Ya je da kansa ya yi wa ma'aikacin godiya.

Kamfanin ya iya tsari, ana buɗe fili a kan lokaci, masu tutarsu kuma ba sa gyangyaɗi. Amma ban yarda a sayar da darasin malami a matsayin ƙari na ganin dama ga wanda bai taɓa shiga fili ba, alhali bayanin safe bai wuce karanto launuka ba. Na rubuta musu haka a takardar jin ra'ayi, na roƙi su ware sababbi a ɗaki daban da tutoci na gaske a hannu. Mun sake yin rajista don watan Maris. Wannan karon na nemi a ba ni malamin a zagayen farko na safe, kuma na riga na buga taswirar filin, na zagaye kowace rumfa da jan biro.