Jirgin filafili na Zanzibar: zuwa lafiya lau, dawowar ce ban yafe ba

Ni 'yar Damagaram ce, haifaffiyar Birni, ba wanda zai koya mini ƙishirwa. Na yi tashin ƙarfe biyun dare ina gadin pampo, na bi 'yan ga-ruwa da magiya a tsakiyar bazara. Amma ƙishirwar da ta fi tsaya mini a rai, a tsakiyar teku ta same ni, kuma da kuɗinmu muka saye ta.

Sunan jikarmu ne ya kai mu Darussalam ta ƙasar Tanzaniya a watan Yuli, inda babban ɗanmu yake aiki. Da aka watse ya ce ba mu komawa gida sai mun ga Zanzibar. Ya biya mana tafiyar kwana biyu a jirgin katako mai filafili, wanda suke kira jahazi: a tashi daga Stone Town, tsohon garin Zanzibar, a bi gaɓar yamma ta tsibirin har Nungwi can ƙuryar arewa, a kwana, washegari a dawo. Daga ni sai Alhaji, sai matuƙi da yaransa biyu. Kamfanin ba sai na faɗi sunansa ba, birjik irinsu suke a bakin ruwa. Kuɗin ya haura na ragon layya, tun nan Alhaji ya fara gyaran murya.

Zuwa kam ba ni da abin cewa. Aka ɗaga wani ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku, iska ta cika shi, jirgi ya riƙa sulalewa ba ƙara ba hayaƙi. Ni da babban ruwan da na sani bai wuce tafkin Gidimuni da kogin Yamai ba, na zauna baki buɗe ina ta tasbihi. Suka gasa mana kifi, suka dafa shinkafa da kwakwa. Awa shida muka iso Nungwi, har muka samu lokacin kallon masassaƙa suna haɗa irin waɗannan jirage da hannu a kan rairayi. Da a daren nan aka tambaye ni, tauraro biyar zan ba su in ƙara da addu'a.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne iska biyu ce take mulkin gaɓar nan. Akwai kaskazi mai busowa daga arewa, daga wajen Disamba zuwa Maris, akwai kusi mai busowa daga kudu, wadda Yuli tsakiyar lokacinta ne. Wato iskar da ta tura ƙeyarmu zuwa Nungwi ita ce za ta tare mu gaba da gaba a hanyar komawa. Kowane yaro a bakin ruwan nan ya san haka. Wanda ya karɓi kuɗin ɗana ma ya sani, ya dai rubuta masa cewa kafin la'asar mun sauka.

Ƙarfe bakwai na safe muka hau. Ni da na saba auna ruwa da ido, ina shiga na ɗaga bidon nan na lita 20 da muka taho da shi jiya, na ji shi sakayau. Da shi aka yi girki, da shi aka wanke kwanoni, ba a ƙara ko ɗigo a Nungwi ba. Na taɓa Alhaji na ce, "Alhaji, ruwan nan fa ba zai kai mu ba." Ya ce, "Hajiya, ki bar mutane da sana'arsu." To, na bari.

Da farko inji suka tayar, wani ƙarami da ke rataye a baya. Muna wuce tsibirin Tumbatu ya yi tari biyu ya mutu. Esansi ya ƙare. Esansi fa, a tafiyar da aka san iska ba ta tare da mu! Sai aka koma ga filafili, kuma jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata. A nausa cikin teku har ƙasa ta kusa ɓacewa, a juyo a nufo gaɓa, a sake nausawa. Kowace juyawa sai yaran sun sassauta igiyoyi, sun kewayo da dogon sandan filafilin ta gaban ginshiƙi, suna ihu, jirgi yana tangaɗi. Akwai wani farin gini a bakin gaɓa da na gani sau huɗu. Tun ina ƙirgawa har na daina, don jiri ya fara ɗibata, abin da na karya da shi kuwa tuni ya koma wa kifaye.

Kafin azahar bido ya ƙare. Kalmar Swahili ta farko da na koya ke nan, maji, ruwa, ta biyun kuma hakuna, wato babu. Alhaji ya sa guga ya ɗebo na teku muka yi alwala, yana tuna mini cewa ruwan teku mai tsarki ne. Na ce na sani Alhaji, amma ba ya shayuwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Gishiri ya bushe a leɓena, rana ta sama ga ta ruwa tana haska ido, ga shi Alhaji yana shan maganin hawan jini, ƙwayar yamma da miyau ya haɗiye ta. Wannan ne ya fi ɓata mini rai, har yanzu in na tuna sai na ji zuciyata ta tashi.

Sai dai a faɗi gaskiya ko don Allah: matuƙin nan, nahodha kamar yadda yaran suke kiransa, ya san aikinsa. Dattijo ne siriri, ba na'ura a hannunsa, launin ruwa kawai yake kallo ya san inda duwatsun murjani suke ya kauce. Da ya ga halin da nake ciki ya zaro ɗanyar kwakwa ɗaya da ya ɓoye wa kansa, ya fasa ya miƙo mini yana cewa "pole, mama", wato sannu. Muka raba ruwanta ni da Alhaji. Shi dattijon bai sha komai ba har dare, hannunsa bai bar sandar tuƙi ba. Da magariba ta yi, iska ta ɗan lafa, taurari suka fito kamar na dajin Tanut, na ce a raina wataƙila dai na cika ƙorafi.

Ina, ban cika ba. Ƙarfe tara na dare muka iso, awa goma sha huɗu. Ruwa ya janye, jirgi ya kasa matsowa gaɓa, sai da muka sauka muka taka cikin duhu, ruwa har gwiwa, lafayata ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya tafi. Ba kowa daga kamfanin da ya zo tarbarmu, ba wanda ya kira ya ji ko muna raye, alhali ɗana yana can Darussalam yana ta buga musu waya tun la'asar. Rigar ceto ma sai a lokacin na lura biyu ce a jirgin, mu biyar. Da ƙafa ɗaya ba takalmi na isa Forodhani, dandalin masu sayar da abinci na bakin ruwa a Stone Town, na tsaya gaban mai matse rake na shanye kofi uku a tsaye, ban ko tambayi kuɗi ba.

Tauraro biyu na ba su, su ma albarkacin dattijon nan. Alhaji ya ce na yi tsanani, shi da yanzu yake ba da labarin a majalisarsu ta Zango kullum bayan isha'i, yana tsayawa daidai Nungwi. Ɗana ya rubuta musu ƙorafi, bayan kwana tara suka amsa cewa iska ta Allah ce, kuma za su rage mana kuɗi in mun sake zuwa. Na ce ya tambaye su ko bidon ma iska ce ta hana a cika shi. Har yau shiru.