Rikodar Zoom H1n wajen ɗaukar tarihin ƙaramin garin manoma

Tarihin ƙaramin garin manoma yawanci a bakin dattawa yake: wa ya haƙa tsohuwar rijiya, yaushe kasuwa ta tashi daga wurinta na da, wace shekara fari ya kori mutane. Masu son adana irin wannan sukan tambaya ko rikodar Zoom H1n, wadda ta fito a 2018, za ta yi aikin. Za ta yi, amma sai an haɗa mata da wasu kaya.

A cikin ɗaki kusan ba ta da makusa. Makirufo biyu ne a kanta, a giciye, suna kama muryar tsoho ko da ya yi ƙasa da ita. Akwai ɗan abin murɗawa na ƙarfin sauti. A sa mai magana ya faɗi 'yan kalmomi tukuna, a murɗa har ma'aunin da ke allon ya riƙa tsayawa wajen -12. In ya taɓa 0 murya ta fashe ke nan, babu gyara daga baya. A ɗauka a WAV, tsarin fayil da ba ya matse sauti, a saita ingancin a 48kHz da 24-bit: awa ɗaya tana cin kusan 1GB, wato katin ajiya (microSD) mai 32GB zai ɗauki kimanin awa 30. 32GB ne iyakar katin da take karɓa, kada a yi asarar sayen mai 64GB. Batir AAA biyu take ci, kamfanin ya ce suna kai awa 10, amma a riƙe wasu a aljihu, don dattijo in ya ɗauko zance ba a katse shi.

Matsalarta a waje take, ga shi kuwa wuraren tarihin duk a waje suke. Jikinta roba ne marar nauyi, ko yatsa aka motsa sai an ji a cikin sautin, don haka a ɗaura ta a kan ƙafar kyamara, kamar santimita 40 daga bakin mai magana. Iska ta fi haka illa. A bakin gona ko gindin tsohuwar bishiya, ɗan kaɗawar da fata ba ta ma ji sosai tana binne magana cikin gurnani. Soson makirufo ba ya wadatarwa, sai hula mai gashi da ake rufa wa makirufo don tare iska, a kuma danna maɓallin LO CUT mai rage gurnani. Wanda bai sa abin sauraro a kunne ba, sai ya koma gida zai gane ɓarnar.

A taron jama'a kowa take kwasa, har zakara da injin niƙa. In mutum ɗaya ake so, a soka ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a riga a ƙofar 3.5mm da ke gefenta.

Sunan da take ba fayil, in ba a canza saiti ba, lamba ce kawai, irin ZOOM0001. Kafin tambayar farko a faɗi sunan wurin da kwanan wata da baki, mai maganar kuma ya faɗi yardarsa a ɗauke shi.