Fairuz ko aƙiƙ, wanne ya fi dacewa a zobe? Amsar tambayar Hajiya

Hajiya kin ce za ki Umara kina so ki sayo zoben azurfa, kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin fairuz da aƙiƙ, kuma wai an gaya miki fairuz na maganin hawan jini da kambun baka. To bari in ɗora su gefe da gefe ki gani.

Fairuz dai shi ne shuɗin nan mai ruwan sararin samaniya, wani ya ɗan ja zuwa kore, wani da jijiyoyi baƙaƙe a jikinsa. Jan ƙarfen da ke cikinsa ne ke ba shi shuɗin. Wanda ya fi suna tun fil azal na Nishabur ne a Iran, Fir'aunoni ma sun haƙa shi a Sina'i, yanzu kuma da yawan na kasuwa daga lardin Hubei na China yake zuwa, sai na Arizona a Amurka. Aƙiƙ kuwa mun fi sabawa da shi, ja ko ruwan hanta ko ruwan zuma, na Yaman ake yabo amma akwai na Indiya da Birazil, kuma shi za ki gani maƙeran Agadas suna ɗaurewa a azurfa.

Inda suka rabu sosai shi ne ƙwari. A ma'aunin taurin duwatsu da ake ƙirgawa daga 1 zuwa 10, fairuz na tsakanin 5 da 6, aƙiƙ kuma 6.5 zuwa 7. Kar ki raina tazarar nan, don ƙurar hunturu akwai yashi a ciki kuma taurin yashin 7 ne, kin ga kenan in kika murje fairuz mai ƙura da bakin zani da ƙarfi kina kankare masa ƙyalli ne a hankali. Sannan yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shan duk abin da ya taɓa shi, man shafawa, turare musamman mai maiƙo irin su oud da humra, sabulu, omo, gumi, man girki, yau da gobe sai shuɗin ya koma kore-kore ya dusashe, kuma in ya sha ya sha, ba a wanke shi ya dawo. Mace mai girki da wanke-wanke ga shafa mai bayan kowace alwala, gaskiya zoben fairuz zai wahala a hannunta. Aƙiƙ ba ruwansa da yawancin wannan, ruwa da ɗan sabulu ki goge shi kenan, illa dai kar ya faɗi a kan tayil ya tsage.

Maganar magani kuwa ina roƙonki Hajiya ki ajiye ta. Tsoffin Farisawa da Turawan da sun yi imani fairuz na kare mahayi daga faɗuwa har suna maƙala shi a linzamin doki, suna cewa in launinsa ya sauya to ciwo ko musiba na tafe. Sauyin nan mai da gumi ne ya sha, ba wani abu ba. Babu binciken likitoci da ya tabbatar sa dutse a yatsa na sauke jini, ko fairuz ko aƙiƙ, kuma abin da ke tayar min da hankali shi ne mutum ya bar shan ƙwayarsa don ya sa zobe, hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Ta ɓangaren addini abin da ya zo a Sahihu Muslim daga Anas shi ne zoben Annabi (SAW) na azurfa ne, dutsensa na Habasha. Hadisan falalar aƙiƙ da masu shago ke karanto wa alhazai, malaman hadisi da yawa sun ce ba su inganta ba. Kariya kuma azkar ɗinki na safe da yamma na nan.

Jabu ya fi yawa a fairuz nesa ba kusa ba. Akwai wani farin dutse mai jijiyoyi, howlite, da ake rinawa shuɗi, akwai na roba, akwai na gaske amma maras ƙwari da aka ɗura wa wani irin danƙo ya ƙara ƙarfi, shi wannan ba laifi in mai shago ya faɗa miki ya rage kuɗin. In carbi ne ko sarƙa ki leƙa cikin hujin, in fari ne ciki to rini ne. Auduga da ruwan goge jan farce ma kan ɗebo shuɗin in rinanne ne, a gefen da ba a gani za ki gwada. Dutse babba, shuɗi tas, a riyal goma? Wuce kawai. Aƙiƙ ma ana rina shi ana kuma yin na gilashi, sai dai na gasken ba shi da tsada can, asarar ba ta kai ta fairuz ba.

Ni dai zoben kullum aƙiƙ zan ce ki ɗauka. In shuɗin ne ya shiga ranki, kuma wallahi yana da kyau a azurfa, ki saye shi a ɗankunne ko abin wuya inda ba ya haɗuwa da ruwan wanki. Ki sa shi bayan kin gama shafa mai da feshin turare, in kin dawo ki share shi da ƙyalle mai laushi busasshe, ki ajiye shi a 'yar jakarsa daban kar sauran kayan ado su karce shi, kuma kar ki bar shi a rana ko cikin mota mai zafi.