Shekara huɗu da Marsandi 300E ta 1990 a titunan Legas

Ranar da na kawo ta Agege, ban kai ga kashe inji ba dattawan da ke zaune a ƙofar masallacin layinmu suka taso. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi shekaru yana tuƙa wani attajiri a Kano kafin ya dawo Ikko da zama, ya buɗe ƙofar baya ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, yana kasa kunne. Sannan ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, mota kam ka saya. Saura ka samu mai gyara." Yau shekara huɗu ke nan, kuma duk abin da zan faɗa a kan motar nan yana cikin maganar tasa.

Motar Mercedes-Benz 300E ce ƙirar 1990, daga jerin da kamfanin ya yi wa lamba W124, wadda duk faɗin Najeriya aka fi sani da V-boot saboda yankan murfin but ɗinta. An fara ƙera irinta a ƙarshen 1984 aka ci gaba har 1995, ƙarƙashin jagorancin Bruno Sacco, ɗan asalin Italiya da ya daɗe yana shugabantar sashen zanen motocin kamfanin. Tawa tana da inji M103, silinda shida a jere, lita 3, da giya mai canja kanta har huɗu. Ba daga jirgi na ɗauko ta ba. Hannun wani dattijo ta fito, wanda ya ajiye ta a cikin gida a Surulere bayan ido ya fara yi masa rauni.

A hanya ba ta da abin kushewa. Ba ta da zafin tashi irin na motocin yanzu, domin a giya ta biyu take ɗagawa in ba ka taka mata sosai ba, kuma totur ɗinta da nauyi. Amma ka hau gadar Third Mainland da asubahin Lahadi, lokacin da hanya ta yi sarari, ka ba ta wuta, sai ta kwanta a kan kwalta kamar an ɗora mata dutse. Kilomita 11.8 na gadar nan nakan ƙare su ba tare da na ɗaga murya wajen magana da na kusa da ni ba. A 1990 aka kammala gadar, shekarar da aka ƙera motar, kuma ina jin daɗin tuna cewa sa'o'in juna ne. Ramukan hanyar Abule Egba kuwa haɗiye su take yi, saboda ƙafar baya a kan sanduna biyar-biyar take kowane gefe. Ga waifa ƙwaya ɗaya tal mai miƙewa tana kai wa kusurwoyin gilashi. Yara sukan tsaya kallonta in ana ruwa.

Wahalar da na sha a shekarar farko ba daga motar ta fito ba. Wata huɗu da sayenta ta fara rawar jiki in an tsaya a gosulo, wani lokaci ta mutu, fitilar gargaɗin birki ta ABS kuma ta kama a gaban direba. Na kai ta wurin wani bakanike da aka yaba mini shi. Ko minti biyar bai yi yana dubawa ba ya ce injekta ce ta gaji, a cire a sa kafireta, haka ake yi wa duk V-boot. Da na ƙi, ya ɗauki makulli ya shiga murɗa sukurun daidaita mai da ke jikin na'urar raba fetur, da kunne yake aunawa. Na fita daga garejin da mota mai baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar ana zuba shi a ƙasa. Ban yi barcin kirki ba a wannan makon.

Wani ɗan'uwanmu mai sayar da canji ne ya haɗa ni da wani tsoho Bayarabe a wajen Mushin, wanda tun yana saurayi Marsandi kaɗai yake taɓawa, kuma yana jin Hausa ras don ya zauna Kaduna. Baba bai ce komai ba. Ya ɗaga bonet, ya cire murfin robar da ke bayan batir, ya zaro wani ɗan rile da bai kai girman kwalin ashana biyu ba, mai fiyus a kansa. Ya buɗe shi ya nuna mini inda dalma ta tsage, siririya kamar gashi. Ya ce, "Alhaji, wannan ne ciwon. Na wancan mutumin kuma sai mun yi kwana biyu muna warwarewa." Rilen nan shi ke kare kwamfutar injin da ta birki daga wutar da ta wuce kima, in ya lalace sai mota ta rikice. Tsarin man motar, KE-Jetronic na kamfanin Bosch, rabinsa ƙarfe ne rabinsa lantarki, da ma'aunin matsi ake saita shi ba da kunne ba. Baba yana da ma'aunin, a cikin wani tsohon akwatin katako yake ajiye shi. Tun daga ranar ba wanda ya sake sa makulli a injin nan sai shi da yaronsa.

Abu na biyu da na koya shi ne ruwan lagireto. A garin nan kowa ruwan famfo ko na leda yake ɗurawa. Kan injin nan alminiyam ne a kan gangar baƙin ƙarfe, ruwa zalla kuwa cin su yake yi a hankali har gaskit ya buɗe. Da muka kwance lagireton, abin da ya fito ja ne kamar kunun kanwa. Muka wanke, muka canja famfon ruwa da kulocin fanka, muka zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Yanzu ko na yi awa biyu a cunkoson Oshodi allurar zafi ba ta wuce inda ya kamata. Duk da haka idona yana kanta, ya zame mini jiki.

Damina ita ce babbar abokiyar gaba. Murfin distiributa a gaban inji yake, in danshi ya shige shi sai ta riƙa tari da safe. Ina da na ajiya a but. In aka kwana ana ruwa kuwa ba na fita da ita ko kusa da Lekki, ko da ɗaurin auren wa ake yi. Iskar teku ma tana aikinta a ɓoye: wuraren sa jak guda biyu na tarar tsatsa ta cinye su a ƙarƙashin fenti mai ƙyalli. Duk mai son saye ya durƙusa ya duba nan kafin ya kalli kujeru.

Kayan gyara ana samu. Kasuwar Ladipo tana da layin masu kayan tsofaffin Marsandi, kuma da yake an shigo da W124 ƙasar nan da yawa, har yau akwai na Beljiyam. Sai dai ni ba na zuwa ni kaɗai, da yaron Baba nake tafiya, kuma da tsohon abin a hannu don a gwada lamba da lamba. Kayan roba, irin su bushin da tiyo da mazaunin inji, sababbi nake saye ko da sun fi tsada, domin robar da ta shekara talatin a wata motar ba za ta zama sabuwa a tawa ba.

Maganar mai ba sai an ɓoye ba. Tankinta lita 70 ne, kuma a cikin gari da ƙyar yake kai ni kilomita 450. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin fetur, kullum da ita nake zuwa kasuwa. Daga baya lissafi ya canja, faɗuwar naira kuma ta ninka kuɗin duk abin da sai an yi odarsa daga Jamus. Yanzu ƙaramar Toyota ce ke zirga-zirgar yau da kullum, ita kuma Juma'a da Lahadi da ranakun biki. Uwargida ta taɓa ce mini, "Alhaji, kuɗin da motar nan ta ci ai da ya isa kafin alƙalamin fili." Gaskiya ta faɗa, ban yi musu ba. Amma ranar da muka kai ƙanwarta ɗakin miji a Idi Araba, ita da kanta ta ce a bar sauran motocin, a wannan za a sa amarya.

Wanda zai dogara da mota ɗaya don kai yara makaranta da zuwa aiki, ban ba shi shawarar ya saya ba. Wanda yake da wata, yake da inuwar ajiye ta, kuma ya riga ya san garejin da zai kai ta tun kafin ya biya kuɗi, zai ji daɗin da motar miliyoyi ba lallai ta ba shi ba. In ka ga wadda aka sa wa kafireta ko aka dasa mata injin wata mota, bar ta komai arharta. Masu neman ta gudu kan yi mafarkin 500E, wadda aka haɗa tare da Porsche a Stuttgart da inji V8 lita 5, amma ni wannan ta ishe ni.

Abin da ya rage mana yanzu esi ne. Yana yoyo daga can cikin dashbod, kuma Baba ya ce sai an sauke gaban motar gaba ɗaya, aikin kwana uku, ba zai fara ba sai kayan sun iso hannunsa. Yaronsa yana rubuta kowane sukuru a kan kwali kafin ya kwance. Na ce a bari sai bayan Babbar Sallah, domin ina so in kai ta Ibadan tukuna, gilashi a sauke.