Rabin awon tsutsa daga shagon masu kamun kifi, da yadda ya buɗe bakin hawainiyarmu

Kwana tara hawainiyar ɗana ta yi ba ta sa komai a baki ba. Gyare na ta yawo a ƙasan keji, fara ta hau reshen da take kai har tana taka mata wutsiya, ita kuwa sai ta juyo da ido ɗaya ta dube su, ɗayan idon yana can kan taga. Irin ta Yaman ce, mai doguwar hula a ka, wadda asalinta duwatsun Yaman ne da kudu maso yammacin Saudiyya, kuma ita aka fi kiwatawa a gidaje a nan Ingila. Namiji ne ma, ga 'yar ƙaya a dunduniyar ƙafafunsa na baya, amma bakina ya saba da "ita", haka za ku yi haƙuri da ni.

Likitan dabbobi ya duba bakinta da ƙasusuwanta, ya ce lafiyarta ƙalau, gundura ce kawai ta yi da abinci iri ɗaya, a nemo mata abin da ke tashi sama. Ƙuda ke nan. Ni da na taso a Zariya ana korar ƙuda da mafici, yau ga ni a Manchesta ina neman inda ake sayar da shi.

Na fara da shagon dabbobin da muke sayen gyare. Abin da suke da shi tsutsar ƙudan soja ce a 'yar roba, wadda ake yabo saboda yawan kalsiyam ɗinta, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Ba ta da laifi, sai dai makonni muka yi kafin ta rikiɗa, kuma ƙudan da ya fito baƙi ne dogo kamar zanzaro, ga sanyin jiki, ya fi son ya lafe a jikin raga. Hawainiya ta ci biyu ta ƙyale sauran.

Wani abokin aikina mai zuwa kamun kifi ne ya ce in je inda suke sayen abin sawa a ƙugiya. Ƙaramin shago ne kusa da kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen ruwa, kana tura ƙofa zarni zai tare ka, warin tsutsa ne, kada ya kore ka. Dattijon da ke ciki bai yi dariya ba da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ce ba ni ne na farko ba. Ya buɗe firiji ya nuna mini tire uku na tsutsar ƙuda: farare, jajaye, da masu ruwan tagulla. Kafin in tambaya ya ce kada in taɓa masu launi, rini ne ake sa musu don jan hankalin kifi, bai dace da cikin dabbar gida ba. Wannan magana ita ta sa na yarda da shi, domin da ya ga dama ya auna mini jajayen in tafi ban san komai ba.

Da awon fayint suke sayarwa, wato mililita 568. Na karɓi rabi a kan fam biyu, ya zuba mini a roba mai hujojin iska a murfi, ya barbaɗa garin katako. Ya kuma koya mini gane sabuwa: za ka ga ɗigon baƙi a cikin jikinta, sauran abincin da ta ci ne, yana dusashewa idan ta kwana biyu. A nan ƙorafina na farko yake. Ba sa sayar da ƙasa da rabin awo, alhali rabin awo ya ishi hawainiya goma. Mai kamun kifi watsa su yake yi a ruwa da hannu, ni kuwa ƙuda shida zuwa takwas nake bukata a duk ranar da zan ba ta.

Tsutsar ba ita nake ba ta ba. Da nama da kifi ake kiwonta a gonakin tsutsa, don haka nakan tankaɗe garin da ta zo da shi, in sa ta cikin sabuwar dusa, in bar ta ta zubar da abin da ke cikinta. A ɗumin ɗaki, cikin 'yan kwanaki sai ta daina motsi, ta ƙandare ta zama kamar ƙwayar shinkafa mai ruwan ƙasa, masu kamun kifi suna ce mata kasta. Daga nan, a gidanmu, kwana goma zuwa sha biyu ƙuda ke fasowa, babba, shuɗi mai sheƙi, irin na bakin mahauta.

Kuskuren da na yi a zuwan farko shi ne na bar robar gaba ɗaya a saman kabad. Da lokacinsu ya yi, duk suka ƙyanƙyashe a cikin kwana biyu. Na ɗaga murfi kaɗan don in leƙa, ɗakin girki ya cika da ƙugi. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Abbansu, ni dai hawainiyarka ta kiyayi ramata." Sai da muka yi kwana uku muna bin labule da tawul, domin ba halin fesa maganin ƙwari a gidan da hawainiya take.

Yanzu na gane kan abin. Sanyi shi ne linzaminsu. Ina ajiye robar a ƙaramin firiji na daban a gareji, sharaɗin zaman lafiya ke nan, duk bayan kwana uku in ɗebi cokali ɗaya in zuba a kwalba mai raga a baki in kawo ɗaki. Ta haka suna fitowa kaɗan-kaɗan. Idan sun fito nakan sa musu auduga jiƙe da zuma da ruwa su sha na kwana ɗaya, saboda ƙudan da bai ci komai ba fanko ne. Kafin in ba ta, kwalbar na shiga firiji minti biyar, sai jikinsu ya mutu, in barbaɗa musu garin kalsiyam, in juye a keji kafin su farfaɗo. Garin nan ba abin wasa ba ne: ƙudan nan bai kai tsutsar ƙudan soja kalsiyam ba, kuma hawainiyar da ta rasa shi, ko ta rasa fitilar UVB mai maye mata gurbin hasken rana, ƙasusuwanta ke laushi, ƙafafu su lanƙwashe.

Ranar da na fara sakin su, ina ganin idanun nan biyu masu yawo daban-daban suka haɗu wuri ɗaya. Ta yi gaba da baya a kan reshe kamar ganye a iska, ta ɗan buɗe baki, harshe ya fita ya dawo kafin ɗana ya gama cewa "Abba duba". Bakwai ta cinye a zama ɗaya. Abin da ya fi yi mini daɗi, bayan mako guda ta koma cin gyare da fara. Ƙuda ba ya cika mata ciki, farautar ce ke tayar mata da sha'awar abinci, shi ya sa sau biyu ko uku a mako kawai nake ba ta.

Mahaifiyata da na ba ta labari a waya, ta yi salati ta ce, "Kai yanzu ƙuda ma sai ka saya?" Gaskiyarta, amma na bola ban san inda ya sauka ba, ko an fesa masa guba, ko yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki.

Ƙorafi na biyu: daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni ana hana irin wannan kamun kifi a kogunan Ingila, ciniki ya ja baya, kuma sau biyu a tsakanin na tarar da tsofaffin kaya, sun yi gumi, rabi ba su ƙyanƙyashe ba. Da na yi magana dattijon ya ce in riƙa zuwa ranar Alhamis da safe, ranar da sabbi ke iso masa.

Tauraro huɗu cikin biyar nake ba masu shagon nan. Ku tafi da robarku mai murfin da ke kamawa sosai, tasu takan buɗe a aljihun jaka.