Calc ya buɗe mini fayil ɗin da na riga na yi wa ta'aziyya

Laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Sauri nake yi na zare filash daga kwamfuta, ashe ajiyar ba ta kammala ba. Washegari na danna fayil ɗin, rajistar kaya ta wata takwas cur, sai Excel ya ce ya ga matsala a ciki, ko ina so ya gwada gyarawa? Na amince. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma abin da ya fito shafi ne fari fat. Gumi ya karyo mini.

Da farko na sauko da wata manhajar gyara daga intanet, wadda ba zan kama sunanta ba. Ta nuna mini layi kaɗan, ta ce sauran sai na biya. Ni kuwa ba na cinikin biri a sama, na goge ta.

Wani abokin aikina ne ya ce in kwafi fayil ɗin gida biyu tukuna, kada in ƙara taɓa na asalin, sannan in gwada Calc, ɓangaren lissafi na LibreOffice. Kyauta ce, gidauniyar The Document Foundation ke kula da ita, ta kuma samo asali ne daga OpenOffice a 2010. Na ɗora ta, na buɗe kwafin. Ta tambaya ko ta gyara, na ce bismillah. Sai ga lambobina sun jeru, har fomulolin jimla suna aiki.

Sai dai ba yadda na bar su suka dawo ba. Launuka sun tafi, faɗin ginshiƙai ya rikice, inda na rubuta 1 ga Janairun 2024 kuma sai na ga 45292. Na ɗauka shirme ne. Ashe haka ake adana kwanan wata a irin waɗannan manhajoji, ƙidayar kwanaki ce kawai, tsarin nunawa ne ke mayar da ita kwanan wata. Na zaɓi ginshiƙin, na sauya masa tsari, komai ya koma daidai cikin minti ɗaya.

A nan ne na gane abin da ban taɓa sani ba. Fayil mai ƙarewa da xlsx, wanda ya zo tare da Office 2007, ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙunshin zip ne, wato matsattsen ƙunshi mai ƙananan fayiloli a ciki. Na leƙa shi da 7-Zip, manhajar buɗe irin wannan ƙunshi: kowane shafi da nasa fayil, rubutun kalmomi na cikin sharedStrings.xml, ado da tsari kuma na cikin styles.xml. Wannan na ƙarshen ne ya lalace a nawa. Wato kayan suna nan lafiya, rigar ce ta yage.

Kada a ɗauka Calc na tayar da matacce. Bayan mako biyu wata abokiyar aikinmu ta kawo nata, da muka duba girmansa sai muka ga 0 KB, babu abin da za a ceto. Wani fayil ɗin kuma lafiyarsa ƙalau, xls ne, wato tsohon tsarin fayil na Excel, aka sauya wa suna da hannu zuwa xlsx, muna mayar masa da sunansa ya buɗe. Mai dogaro da makro na VBA ma, wato 'yan umarnin da ake rubutawa don Excel ya riƙa yin aiki da kansa, ya sani cewa ba duka ne ke aiki a Calc ba.

Yanzu manhajojin biyu suna kan kwamfutata. Aikin yau da kullum a Excel nake yi, don hannuna ya saba. Launukan rajistar sun ci mini kusan awa biyu kafin na mayar da su, ginshiƙin bashi ma har yau ban tuna ko ja ne ko ruwan ɗorawa ba.